Sauya had-dis da SSD a laftof: tambayoyi da amsoshi ga mutanen Sakkwato

Tambayoyin nan su ne waɗanda ɗalibai, ma'aikatan ofis da masu shagunan buga takardu suka fi kawowa idan kwamfutarsu ta fara jan ƙafa. Had-dis da SSD duka ma'ajiyar bayanai ce ta cikin kwamfuta, had-dis (HDD) shi ne tsohon yayi, SSD sabon. Ba a sa farashi a ko'ina ba, don kuɗin kayan nan yana bin dala ne, abin da aka faɗa yau ba lallai ya kai mako mai zuwa ba.

"Wagga kwamfuta tawa ta hwara nauyi." SSD zai magance mini?

Idan har yanzu had-dis ne a cikinta, to mafi yawan lokuta e, kuma babu wani gyara da za ka kashe wa kuɗi ka ga amfaninsa nan take kamar wannan. Amma kafin ka taɓa aljihu, bincika. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga sashen Performance, a ƙarƙashin ma'ajiyar za ka ga an rubuta HDD ko SSD. Idan HDD ne, kuma ma'auninsa yana manne a kashi 100 duk lokacin da na'urar ta daskare alhali furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar (CPU), tana zaune ba aikin kirki, to ka kama mai laifin.

Idan kuwa SSD ka gani a rubuce, matsalarka tana wani wuri, wataƙila ƙarancin RAM ne, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta, ko zafi, ko tarin manhajojin da ke tashi tare da Windows. Sayen wani SSD ɗin ba zai ƙara maka komai ba.

Mene ne ainihin bambancinsu?

Had-dis kamar garmaho yake: akwai faifai mai juyawa, akwai hannu mai bin fuskar faifan yana neman inda bayanin yake. Na laftof yawanci yana juyawa sau 5,400 a minti, wasu 7,200. Duk fayil ɗin da ka nema, sai hannun ya matsa, sai kuma ya jira faifan ya juyo da wurin. Jinkirin ɗan ƙanƙane ne, amma idan Windows na tashi tana neman dubban ƙananan fayiloli ne, kowanne da nasa jiran. Shi ya sa mutum zai kunna na'ura ya je ya yi alwala ya dawo bai tarar ta gama shiri ba.

SSD ba shi da abin da ke motsi. Ƙwayoyin lantarki ne irin na filash, sai dai sun fi inganci da sauri nesa ba kusa ba, ga kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke tsara aikinsu. Had-dis na laftof yana karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, SSD mafi sauƙi kuwa yana kai wa 500 zuwa 550. Sai dai ba wannan lamba ce ke sa ka ji na'urar ta zama sabuwa ba. Abin da ke kawo canjin shi ne jiran nan na neman fayil ya kusa gushewa baki ɗaya.

Akwai wata fa'ida da ta shafe mu kai tsaye. Laftof ɗin da ke yawo a jakar baya bisa kabu-kabu, daga Mabera zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana shan jijjiga. Had-dis ba ya son bugu, musamman idan ba a kashe na'urar sosai ba aka jefa ta jaka faifan na juyawa. SSD bai damu da wannan ba.

Yaya zan san irin wanda laftof ɗina ke ɗauka?

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka a karanta a tsanake. Sunan SSD ɗaya ne, amma siffarsa da hanyar da yake magana da bod ɗin na'ura, wato babban allon lantarkin da komai ke haɗe da shi, sun kasu.

Na farko shi ne mai inci 2.5, wanda ake kira SATA. Girmansa ɗaya da had-dis na laftof, bakinsa ma ɗaya, don haka cire wancan kawai za a yi a zura wannan. Duk laftof ɗin da ke da had-dis a yanzu kusan tabbas za ta ɗauki irinsa. Tsofaffin na'urorin ofis da suka cika kasuwarmu ta kayan hannu, irin su HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6430 da ThinkPad T430, duk shi suke ɗauka. Kaurinsa milimita 7 ne, wasu tsofaffin had-dis kuwa 9.5 ne. Idan ya ɗan yi sako-sako a gurbin, a ɗaure shi da notocinsa a jikin ƙarfen da tsohon ya fito, shi ke nan.

Na biyu shi ne M.2, ɗan siririn allo ne da bai fi tsawon yatsa ba. Lambar da ake rubutawa a jikinsa awonsa ce: 2280 na nufin faɗi milimita 22, tsawo 80. Akwai 2242 da 2230 masu gajarta, kuma idan gurbin na'urarka gajere ne dogon ba zai zauna ba. Wahalar ita ce M.2 ɗin kansa kashi biyu ne, akwai mai aiki da SATA, akwai mai aiki da NVMe, wata hanyar magana da bod da ta fi SATA sauri, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Yawanci na SATA yana da giɓi biyu a bakinsa, na NVMe giɓi ɗaya. Wani gurbin yana karɓar dukansu, wani ɗaya kaɗai. Abin takaicin, yana iya shiga daram, a ɗaure noti, a kunna, na'urar ta ce ba ta ga komai ba.

Na uku, mSATA, tsohon yayi ne da ke cikin wasu siraran laftof na wajen 2012 zuwa 2014. Ya fi M.2 faɗi, ya kuma fi 2280 gajarta, kuma ba sa shiga gurbin juna.

Akwai kuma waɗanda ba a sauya musu komai. Ƙananan laftof masu araha da ke zuwa da gig 32 ko 64 galibi ma'ajiyarsu eMMC ce, an like ta a jikin bod. Haka ma MacBook na 'yan shekarun nan, duk masu ɗauke da furosesar Apple ta M1 zuwa sama a like suke.

Hanya mafi tabbas ita ce ka duba cikakkiyar lambar samfurin a ƙasan na'urar, ka nemo littafin gyaranta a shafin kamfanin. HP da Dell da Lenovo duk suna sakin waɗannan littattafai kyauta, kuma a ciki an jera irin ma'ajiyar da kowace ke karɓa. Idan hakan ya yi maka nisa, kai ta wurin mai gyara ya buɗe murfin a gabanka ku duba gurbin kafin a sayi komai. Kada ka yarda da "ai duk iri ɗaya ne".

Na ga wani an rubuta 7,000 a kwalinsa. Ba gara in ƙara kuɗi in saye shi ba?

Wannan saurin, megabait 7,000 a daƙiƙa, na NVMe ne a kan PCIe ƙarni na 4, wato layin da bayanai ke bi tsakaninsa da bod. Idan gurbin na'urarka ƙarni na 3 ne zai yi aiki, amma ba zai wuce wajen 3,500 ba, ragowar kuɗin ka bayar ne a banza. Ko a inda gurbin ya dace, mai rubuta aikin makaranta, mai lissafi a Excel da mai kallon karatu a intanet da wuya su ji bambanci tsakanin SATA da NVMe. Tsallen da ake ji a jiki shi ne daga had-dis zuwa kowane SSD na ƙwarai. Masu tace bidiyon biki da masu kwashe manyan fayiloli kullum su ne ke cin moriyar ƙarin saurin.

Ko tsohuwar na'ura mai SATA ƙarni na 2, wadda ba ta wuce wajen megabait 270 a daƙiƙa, tana farfaɗowa sosai.

Mai girma nawa ya kamata in saya?

Ni dai ba na ba kowa shawarar gig 128. Windows da sabuntawarta da Office za su cinye rabi, sai mutum ya koma goge-goge kullum. Gig 256 ya ishi mai takardu zalla. Ga yawancin mutane 500 ko 512 ne daidai. Mai tara bidiyo ya nemi tera 1. Kuma a riƙa barin kamar kashi 10 zuwa 20 ba komai, don SSD da ya cika maƙil yana rage gudu wajen rubutu.

Idan ka sa mai gig 500 ka ga Windows ta nuna 465, ba a cuce ka ba. Kamfanoni na ƙirga gig da dubu-dubu, Windows na ƙirgawa da 1,024. Haka mai 256 zai nuna 238, mai tera 1 ya nuna 931.

Yaya zan kauce wa jabu, kuma na hannu yana da laifi?

Jabu yana nan, kuma kwali ba hujja ba ne, don buga kwali ya fi komai sauƙi. Kayan da ke iso mana sun bi hannuwa da yawa, daga Computer Village ta Ikeja ko kasuwannin Kano, har mai shagon ma wani lokaci bai san abin da aka sayar masa ba. Mafi munin jabu shi ne wanda aka yi wa dabara ya riƙa nuna girman ƙarya. Zai ce tera 2 ne, alhali ɗan katin waya ne a ciki. Da farko komai lafiya, sai ka wuce ainihin girmansa, daga nan fayiloli su riƙa lalacewa ba tare da wani gargaɗi ba. Duk SSD da aka yi maka tayinsa a kuɗin da bai kai rabin na 'yan'uwansa ba, araha ce da ba ta ado.

Manhajoji biyu na kyauta sun isa su tona asiri. CrystalDiskInfo tana nuna sunan da ke cikin ma'ajiyar da lambarta, da sa'o'in da ta yi a kunne, da yawan abin da aka taɓa rubuta mata. Idan an ce sabo ne ka ga sa'o'i dubbai, magana ta ƙare. Ka kuma gwada lambar da ta nuna da wadda ke jikin takardar da aka manna. H2testw kuwa cika ma'ajiyar take yi da bayanai sannan ta karanta su, ta haka ake gane girman gaskiya. Tana ɗaukar lokaci, don haka ka yi yarjejeniya da mai shago tun farko cewa idan gwajin ya faɗi za ka dawo da kaya, kuma a rubuta lambar SSD ɗin a kan rasit. Mai sayen Samsung yana da ƙarin hanya, manhajar kamfanin mai suna Magician tana tantance na gaske.

Na hannu da aka ciro daga laftof ɗin ofis ba haram ba ne, sau da yawa ma ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Idan lafiyarsa da CrystalDiskInfo ke nunawa ta haura kashi 90 kuma babu alamar gargaɗi, ana iya saye. In da hali dai, sabo daga kamfanin da aka sani, irin su Samsung, WD, Kingston ko Crucial, ya fi kwanciyar hankali. Ko a cikinsu akwai daraja-daraja. Samsung 870 EVO da Crucial MX500 suna da 'yar ma'ajiyar wucin gadi ta kansu, Kingston A400 da Crucial BX500 ba su da ita, shi ya sa suka fi araha kuma suke rage gudu idan ana kwafar babban kaya. Duk da haka ko su sun yi wa had-dis fintinƙau.

Kuɗina na abu ɗaya ne. RAM ko SSD?

SSD tukuna. Idan RAM ɗinka gig 4 ne, ka tara ka mayar da shi 8 daga baya.

Fayilolina da Windows ɗina fa, za su ɓace?

Ba za su ɓace ba, tunda tsohon had-dis yana nan da komai a cikinsa. Hanya biyu ce. Ko dai a kwafe shi ɗungurungum zuwa sabon, abin da masu gyara ke kira kulonin, ko a zuba sabuwar Windows sannan a kwaso fayiloli.

Kulonin na buƙatar wayar USB ko ɗan gida da za a haɗa sabon SSD da shi, da manhaja irin Clonezilla, wadda kyauta ce, ko wadda kamfanin SSD ɗin ya bayar. Sharaɗin shi ne abin da ke cikin tsohon kada ya fi ƙarfin sabon. Had-dis mai tera 1 da ke ɗauke da gig 200 kacal zai iya komawa cikin SSD mai 500, amma ba kowace manhaja ke iya wannan matsewar ba. Amfaninsa, kana kunnawa za ka tarar da komai inda ka bar shi, wanda ke da muhimmanci ga mai shagon da ke da manhajar lissafi ko ta firinta da sake sa ta aiki ne.

Ni na fi son sabuwar Windows, musamman ga na'urar da aka saya a hannu ko wadda ta sha filash ɗin jama'a a shagon hoto. Kulonin yana ƙaura da kai ne har da ƙwayoyin cutar da ke cikin kwamfutarka. Don zuba sabuwar Windows, filash mai gig 8 ya isa, kuma Microsoft na bayar da manhajar haɗa shi kyauta. Lasisin Windows na halal yana ɗaure ne da bod ɗin na'ura, ba da ma'ajiya ba, don haka da ka hau intanet zai dawo da kansa.

Abu ɗaya da ake mantawa: BitLocker, kullen da Windows ke yi wa ma'ajiya. Idan an kulle tsohon had-dis da shi, wanda wasu na'urori ke yi da kansu ba tare da mai su ya sani ba, da zarar an ciro shi zai nemi mabuɗi mai lamba 48. Nemo mabuɗin a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda, ko ka kashe kullen, kafin a kwance noti ko ɗaya.

Zan iya sawa da kaina?

A tsofaffin na'urori masu ɗan murfi a ƙasa, aikin 'yan mintuna ne da ƙaramar sukudireba. Kashe na'urar gaba ɗaya, zare caja, cire batir. Idan batirin na ciki ne, zare wayarsa daga bod kafin ka taɓa wani abu. M.2 ana zura shi ne a ɗan karkace, sannan a kwantar da shi a ɗaure da noti ɗaya, ba a yi masa ƙarfi.

Sababbin da sai an ɓalle dukan bayansu, ko waɗanda ma'ajiyar ke ƙarƙashin madannai, gara a bar wa wanda hannunsa ya faɗa. Siraran wayoyin da ke ciki ba su da wuyar tsinkewa.

A lura da hunturu. Iskar Disamba da Janairu a nan bushewa take yi ƙarau, jiki ya riƙa tara lantarki, irin wanda ke tsikarar mutum idan ya taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsin yana iya kashe kayan lantarki. Kada ka yi aikin a kan darduma ko bargo, ka taɓa ƙarfen taga ko ƙofa kafin ka fara, kuma ka riƙe SSD ta gefunansa, ba ta bakin zinaren ba.

Na sa, amma kwamfutar ba ta gan shi ba.

Fara da BIOS, wato shafin saiti da ake shiga da zarar an kunna na'ura, kafin Windows ta tashi. Idan can ma babu shi, ko bai zauna sosai ba, ko kuwa gurbin ba irinsa yake karɓa ba. Idan BIOS ta gan shi amma bai fito cikin Windows ba, sabo ne da ba a tsara ba, shiga Disk Management ka yi masa fomat. Idan kuma wajen zuba Windows ne ya ƙi bayyana a laftof mai furosesar Intel ƙarni na 11 zuwa sama, yawanci wata 'yar manhaja, direban Intel RST, ake buƙata, sai a sauko da shi daga shafin kamfanin laftof ɗin a sa a filash ɗin.

Zafin Sakkwato da ɗauke wuta ba za su lalata shi ba?

Yawancin SSD an yi su ne su yi aiki har zuwa maki 70 a ma'aunin Selsiyos. Namu zafin na Afrilu da Mayu yana haura 40 a inuwa, cikin laftof kuwa ya fi haka. Idan NVMe ya matso iyakarsa yana rage gudu da kansa don ya huce, shi ne wani ke ganin na'ura tana gudu da safe, da azahar ta yi sanyin jiki. Maganin ba a SSD yake ba, a fanka yake. Tunda an riga an buɗe na'urar, a busa ƙurar da hazo ya tara a fanka da raga, kuma a daina aza ta a kan katifa.

Wutar da ta fi haɗari ita ce ta laftof mai mataccen batir, wadda ke mutuwa nan take da an ɗauke wuta ko janareto ya shaƙe. Yankewa a tsakiyar rubutu na iya lalata fayil, wani lokaci har Windows ta ƙi tashi. Ko batirin da ke riƙe minti goma ya isa ya ba ka damar kashewa yadda ya kamata.

An ce SSD yana da adadin rubutun da in ya cika ya mutu.

Gaskiya ne, amma a duba lissafin. Samsung 870 EVO mai gig 500 an ba shi garantin shekara 5 ko rubutun tera 300. Mai rubuta gig 20 kowace rana, wanda ya fi abin da yawancinmu ke yi, sai ya haura shekara 40 kafin ya kai nan. Allon na'urar da madannanta za su riga shi tafiya. Abin da za ka kiyaye kawai, kada ka sa masa tsofaffin manhajojin nan na tattara faifai da ake yi wa had-dis. Windows ta san bambancin, tana yi masa irin gyaran da ya dace da shi da kanta.

To ke nan ba sai na ajiye kwafi a wani wuri ba?

Sai ma ka ƙara himma. Had-dis idan zai mutu yakan yi ƙara, ya yi nauyi, ya ba ka kwanaki. SSD yana iya yin lafiya lau da dare, da safe babu shi. Ciro bayanai daga mataccen SSD ya fi wuya ƙwarai, kuma fayil ɗin da ka goge bisa kuskure yawanci ya tafi ke nan, don na'urar tana share gurbinsa ba da jimawa ba. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu ya riƙa tura wa kansa kwafi ta imel ko Google Drive duk ranar da ya ƙara babi. Kuma SSD ba wurin da za a zuba hotunan iyali a jefa a akwati shekara da shekaru ba ne, don idan ya daɗe ba wuta, a cikin zafi, cajin da ke riƙe bayanan yana iya tsiyayewa.

Idan na sa SSD, zan iya hawa Windows 11?

Ba shi ke yanke hukunci ba. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin na'ura, da furosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsohuwar na'ura za ta ci gaba da aiki, amma wannan dalili ne na kada ka narka mata kuɗin da ya kusa na wata. SSD mai inci 2.5 dai ba asara ba ne, ko ka canza laftof kana iya mayar da shi ma'ajiyar waje.

Me zan yi da tsohon had-dis?

Karɓi abinka daga hannun mai gyara, kada ka bar shi a shago a matsayin ragin kuɗin aiki. Hotunan gidanka, takardun banki da kalmomin sirrin da ka adana duk suna ciki. Saya masa ɗan gida na USB ya zama ma'ajiyar waje. A laftof mai gurbin DVD kuma ana iya cire na'urar faifan a sa shi a wurin da wani ƙarfe da ake kira kadi, sai dai a auna, don akwai mai kaurin milimita 9.5 akwai mai 12.7.

Ka bar shi yadda yake na 'yan makonni har ka tabbatar ba abin da ka manta. Idan daga baya za ka sayar ko ka bayar, fomat na gaggawa bai isa ba, don ana iya dawo da abin da ke ciki. Cire alamar da ke kan Quick Format ka bar Windows ta bi faifan gaba ɗaya tana shafewa, ko da zai ɗauki sa'o'i.